Kai da Banki a Shekarar Tsanani

Ɗana, zauna mu yi maganar banki, tunda yanzu duk abin da ka samu can yake kwana. Albashinka ta can yake biyowa. Cinikin ɗan shagonka ma, rabin masu saye waya suke dannawa su tura. To wanda ka ba ajiyar guminka, ya kamata ka san halinsa. Ran wadata kowa mutumin kirki ne. Ran tsanani ne hali ke fitowa.

Mutane na yawan tambaya, idan tattalin arzikin ƙasa ya karye, kasuwa ta mutu, shin banki yana yi wa talaka adalci? Amsata gajeriya ce. Yana yin gwargwadon abin da doka ta tilasta masa, da gwargwadon abin da mai asusu ya sani ya nema. Abin da ya wuce haka, sai wanda ya yi sa'a. Kada wannan ya sa ka ƙullace su. Ƙullaci ba ya dawo da kwabo. So nake idonka ya buɗe.

Ka ɗauka wani mutum ne a gari mai babban rumbu. Kowa ya yi girbi sai ya kai masa ajiyar hatsi. Shi kuma ba ya barin hatsin ya zauna. Ranta wa wasu yake yi, su biya da ƙari bayan kaka. A cikin ƙarin nan yake ci, ya ɗan gutsura wa masu ajiya. Shekarar da damina ta yi albarka, kowa na yabonsa. Shekarar fari kuwa, waɗanda ya ranta wa ba su da abin biya, masu ajiya kuma kowa na son nasa. Sai tsoro ya kama shi. Mai jin tsoro kuwa ba ya fara matsa wa mai ƙarfi. Wanda hannunsa zai iya kaiwa gare shi yake matsa wa. Haka banki yake, ɗana. In ka riƙe wannan, sauran maganar ba za ta yi maka wuya ba.

Kana ƙarami a 2009, ba lallai ka tuna ba. Guguwar da ta taso daga Amurka ta iso mana, kasuwar hannun jari ta faɗi, farashin mai ya sauka. A watan Agusta, Malam Sanusi Lamido Sanusi, lokacin yana gwamnan Babban Bankin Najeriya, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya. A watan Oktoba ya ƙara da wasu uku. Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 don kada bankunan su durƙushe. Aka kuma buga sunayen manyan masu riƙe da bashin a jaridu. Ba masu sayar da tumatir ba ne a jerin. Manya ne, masu jiragen ruwan mai da masu cacar hannun jari.

A 2010 aka kafa AMCON, hukumar da ta saye ruɓaɓɓen bashin nan daga hannun bankuna don su samu su numfasa. Bayan shekaru, AMCON da bakinta ta ce mutane da kamfanoni kimanin 350 ne ke riƙe da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da take bi. Ka ga ke nan inda ruwan ya tsiyaye. A yi gaskiya, masu ajiya a bankunan nan ba su rasa kuɗinsu ba, kuma wannan babban alheri ne. Amma ƙananan masu hannun jari, 'yan fansho da malaman makaranta da suka zuba ɗan abin da suka tara, da yawansu sun tashi da takarda kawai a hannu.

Sai 2016, wadda kai ma ka ji a jikinka. Gangar mai da ta haura dala 100 a tsakiyar 2014 ta faɗo ƙasa da dala 30 a farkon 2016. A watan Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga 197 zuwa wajen 280 a farashin gwamnati, a kasuwar canji kuwa ba a magana. A ƙarshen Agusta hukumar ƙididdiga ta tabbatar cewa tattalin arziki ya shiga koma-baya. Kafin shekara ta ƙare, hauhawar farashi ta haura kashi 18 cikin 100. Mudun shinkafa ya gagari gidaje da yawa da a da ba su san haka ba.

To me banki ya yi a wannan shekara? Babban Banki ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 14 a watan Yuli, don ya tare hauhawar farashi. Ƙaramin ɗan kasuwa da ya je neman rance sai ya ji ana kiran kuɗin ruwa kusan kashi 30. Wace sana'a ce ta halal take ba da wannan riba a shekarar da babu ciniki? A lokaci guda gwamnati ma tana neman rance, kuma takardun bashinta na shekara ɗaya sun kai suna biyan wajen kashi 18. Banki ya duba. Ga gwamnati mai biya ba tare da ja-in-ja ba, ga mai injin niƙa da zai iya karyewa gobe. Sai ya zaɓi gwamnati. Lissafi ne, babu ƙiyayya a ciki. Amma sakamakonsa shi ne, a daidai lokacin da ƙananan sana'o'i suka fi buƙatar jari, a lokacin ƙofa ta fi rufuwa.

Wani abin da zai ba ka mamaki, wasu manyan bankuna sun bayyana ribar da ta haura naira biliyan 100 kowannensu a wannan shekarar. Wani ɓangare na ribar daga faɗuwar naira ya fito, don suna da dukiya a dala. Abin da ya talauta mai shigo da kaya, shi ya ƙara musu ƙiba a takarda. Ba duka ne suka ji daɗi ba kuwa. Bashin da ya ƙi biyuwa ya ninka, Babban Banki ya sauya shugabannin Skye Bank a watan Yuli, kuma bankuna da dama sun sallami ma'aikata har ministan ƙwadago na lokacin, Chris Ngige, ya ce su dakata. Saboda haka in ka ga yarinyar nan a bayan kanta, kada ka sauke mata fushinka. Ita ma 'yar wani ce, tana iya wayar gari babu aiki.

Sannan ga 'yan cire-ciren nan da ke zuwa ta alat. A farkon 2016 aka fara cire naira 50 ta harajin kan sarki a kan kuɗin da ya shigo asusu daga naira 1,000 zuwa sama, sai daga baya aka ɗaga iyakar zuwa naira 10,000. Wannan kuɗin na gwamnati ne, banki karɓa kawai yake yi, don haka ba kowane ciri ne laifinsa ba. A 2016 ɗin kuma aka soke tsohon cajin da ake kira COT, amma aka kawo cajin kula da asusun kasuwanci, naira ɗaya a kan kowace dubu da ka fitar. Ga kuɗin saƙon waya, ga na kati, ga na cire kuɗi a ATM ɗin wani banki. Kowanne ƙarami ne. Amma yau da gobe ke sa allura ta gina rijiya. Naira 50 ba ta taɓa attajiri. Ga mai ƙosai kuwa, ribar ƙullin farko ce.

A 2020 annobar korona ta rufe kasuwanni, ƙasa ta sake shiga koma-baya. A nan an yi abin a yaba. Tun watan Maris Babban Banki ya rage kuɗin ruwan rancen tallafinsa daga kashi 9 zuwa kashi 5, ya ba da hutun biya na shekara guda, ya kuma yarje wa bankuna su sake tsara bashin waɗanda annoba ta taɓa. An sake tsara bashi na tiriliyoyin naira. Sai dai sassauci irin wannan ba ya bin mutum gida. Wanda ya san da shi, ya rubuta ya nema, shi ke samu. Manyan kamfanoni suna da akawu da lauyoyi da ba su da wani aiki sai wannan. Direban da ya ci bashin mota sau da yawa bai ma ji labari ba.

A cikin shekarar nan dai aka yi wasu abubuwa biyu da nake so ka sani. Na farko, a watan Satumba aka rage mafi ƙarancin abin da banki zai biya mai asusun ajiya, daga kashi 30 na ma'aunin Babban Banki zuwa kashi 10. Abin ya koma kashi 1.25 a shekara, alhali farashin kaya na tashi da fiye da kashi 13. Mai naira 100,000 zai samu naira 1,250 a shekara, kayan da zai saya da kuɗin kuwa sun ƙaru da fiye da 13,000. Na san da yawanmu ba ma taɓa kuɗin ruwa, kuma madalla da haka. Amma ko ka karɓa ko ka bari, kuɗin da ya kwanta a shekarar tsada raguwa yake yi yana kwance. Sai a 2022 aka mayar da kashi 30 ɗin.

Na biyu, a ranar 1 ga Agustan 2020 aka fara aiki da tsarin da suke kira GSI. In ka ci bashi a banki ɗaya ka daina biya, to bankin na iya bin lambar BVN ɗinka ya ɗebo daga asusunka na kowane banki. Kai da kanka kake sa hannu a kan wannan izini ran da ka karɓi rancen, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da ruwanta kawai za a ɗeba, ban da tarar jinkiri. Ban ce tsarin zalunci ba ne, don akwai masu cin bashi a nan su gudu can, kuma kuɗin masu ajiya irinka suke gudu da shi. Amma ka duba wanda tarkon ya fi kamawa. Mai albashi ne, wanda duk dukiyarsa a asusu take. Mai bashin biliyoyi yana da lauya, shari'arsa kuma na iya shekaru a kotu.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A Amurka a 2008, gwamnati ta ware dala biliyan 700 don ceto bankuna, miliyoyin iyalai kuwa suka rasa gidajen da suka jinginar. A 2010 aka gano ma'aikatan wasu bankuna suna rattaba hannu a kan dubban takardun ƙwace gidaje ba tare da sun karanta ba. A 2012 manyan bankuna biyar suka yarda da sasanci na dala biliyan 25. An biya diyya, amma wanda aka fitar da shi da 'ya'yansa ya riga ya kwana a waje. Ko'ina dai, babba ake fara cetowa, wai don kada ya faɗo a kan kowa. Akwai gaskiya a cikin wannan hujja. Ƙarami kuwa, sai ya yi magana ake tunawa da shi.

Magana kuwa tana aiki, ɗana. A watan Yunin 2020 wani babban banki ya kwashe harajin kan sarki na watanni uku a lokaci guda daga asusun mutane, a tsakiyar kullen korona. Jama'a suka yi ca a kafafen sada zumunta. Ba a jima ba bankin ya ba da haƙuri, ya mayar wa kowa, ya biya harajin daga aljihunsa. Da kowa ya yi shiru ya ce a bar wa Allah, da kuɗin ya tafi. Barin abu ga Allah yana da kyau, amma Allah bai hana ka neman haƙƙinka da ladabi ba.

To ga abin da nake so ka riƙa yi. Duk ƙarshen wata ka duba bayanin asusunka layi-layi, kamar yadda kake ƙirga kayan shago. Abin da ba ka gane ba ka tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Babban Banki yana da littafin ƙa'idar caji, wanda ya faɗi abin da banki zai iya cira da iyakarsa, kuma wanda ya cira fiye da haka dole ya mayar. Tun Yunin 2020 ƙa'ida ta ce in ATM ɗin bankinka ya cire kuɗi bai ba ka ba, a mayar nan take. In na wani banki ne, kada ya wuce awa 48. Na POS kuma awa 72.

In an yi maka ba daidai ba, kada ka tsaya kan maganar baki. Ka rubuta ƙorafi, ka sa kwanan wata, ka karɓi lambar shaidar karɓa, ka ajiye kwafi. Yawancin ƙorafe-ƙorafe mako biyu aka ba banki ya warware. In ya wuce ba a yi ba, akwai sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna a Babban Banki, ka kai can da takardunka. Ka je da murmushi da haƙuri. Mai ihu a zauren banki maigadi ke raka shi ƙofa. Mai takarda kuwa manaja ke ba shi kujera.

Batun rance kuma, bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka ba zan ce kada ka taɓa ci ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka sa hannu, ka karɓi takardar ka tafi da ita gida. Ka nemi wanda ya san kan abin ya karanta maka. Ka tambaya, nawa zan biya gaba ɗaya, a naira? Kuɗin ruwan tsayayye ne ko yana iya tashi? In na makara fa? A ƙa'idar da ta fara aiki a 2020, banki ba zai sauya maka kuɗin ruwa ba sai ya sanar da kai kwana goma na aiki kafin nan, tarar jinkiri kuma ba ta wuce kashi ɗaya a wata na abin da ka gaza biya. Sannan ka yi wa kanka tambayar da banki ba zai yi maka ba. In cinikina ya ragu da rabi, zan iya biya? In amsar a'a ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka jinginar da gidan da iyalinka ke kwana a ciki don jarin kasuwa. Kasuwa tana faɗuwa ta tashi. Gidan da aka yi gwanjonsa ba ya dawowa. Haka kuma tsaya wa wani. Duk wanda ka sa hannu ka tsaya masa, ka ɗauka kai ka ci bashin, don ran da ya gaza ƙofarka za a ƙwanƙwasa. In zuciyarka ba za ta iya yafe kuɗin ba, ka ba shi haƙuri tun da wuri, zumunci ya tsira.

In kuwa ka riga ka ci, sai tsanani ya riske ka, kada ka ɓuya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi cin yara masu kunya. Su kashe waya, su sauya hanya, bashi kuwa yana ta haihuwa. Ka je tun kafin ka tsallake biya na farko. Ka faɗi gaskiyar halin da kake ciki, ka nemi a tsawaita lokaci a rage abin da kake biya duk wata, a kuma rubuta. Banki ma ya fi son kuɗinsa sannu a hankali da ya shiga wahalar kotu da gwanjo. Kuma don Allah kada ka ci bashin manhajar waya don ka biya na banki. Wasunsu, in ka makara, sai su bi lambobin wayarka suna tura wa surukanka da limaminku cewa kai ɓarawo ne. Abin ya yi muni har hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas a 2022. Kuɗi ana sake samu. Mutunci in ya zube, kwashe shi da wuya.

Ajiyarka ma ka san iyakar kariyarta. Hukumar NDIC ce ke inshorar kuɗin masu ajiya. A 2024 ta ɗaga abin da take biya in banki ya rushe, daga naira 500,000 zuwa miliyan biyar ga manyan bankuna, da miliyan biyu ga ƙananan bankunan al'umma. A watan Yunin shekarar aka ƙwace lasisin Heritage Bank. Waɗanda ajiyarsu ba ta wuce miliyan biyar ba, an bi BVN an tura wa da yawansu ta asusunsu na wasu bankuna. Masu fiye da haka kuwa sai jiran a sayar da kadarori. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ka buɗe asusu na biyu a wani banki, sunanka ya zama iri ɗaya a duk takardunka, kuma in Allah ya buɗa maka, ka rarraba.

Wataƙila ka ce, to ai akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa. Akwai, alhamdu lillahi. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021. Su kan sayi kaya su sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya a kai, wato murabaha, ko su ba ka haya, kuma farashin da aka yanke a murabaha ba ya tashi don ma'aunin Babban Banki ya tashi. Wannan sauƙi ne ga zuciya da aljihu. Amma su ma kuɗin mutane suke juyawa, su ma suna neman jingina da mai tsayawa. Ka karanta takardarsu kamar yadda za ka karanta ta kowa.

Addininmu bai bar wannan fage a buɗe ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Kafin ita kaɗan akwai wadda ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Banki zai cika ta farko, har ya wuce. Ta biyun kuwa, kada ka jira ta daga gare shi sai ka nema.

Amma kai ma akwai littafin bashi a shagonka, ɗana. Akwai matar da ta karɓi sukari da sabulu, mijinta wata uku ba albashi. Akwai yaron da ka ba kaya ya kai ƙauye, kasuwa ta juya masa baya. A wurinsu kai ne mai ƙarfi. Abin da kake so manaja ya yi maka ran da ka shiga ofishinsa da hula a hannu, ka fara yi musu shi. Ka rubuta, don rubutu na kare zumunci. Ka jira mai gaskiya. Wanda ka tabbatar ba shi da shi, in ka iya, ka yafe wani abu. Ba za ka talauce don wannan ba.

Gobe in ka buɗe shago, ka fara da neman bayanin asusunka na wata uku da suka wuce. Abin da ya shige maka duhu ka kawo mu duba tare. Allah ya tsare ka da bashin da ya fi ƙarfinka, ya sa albarka a kasuwarka, ya haɗa ka da masu tausayi. Ka gaida mutanen gida.